Cif biyu 'yan ɗaki ɗaya: a kwafi direba, a haɗe su, ko a gina musu rumbu?

Duk wanda ya taɓa riƙe direban sauti a Linux, wato kod ɗin da ke sarrafa cif ɗin sauti, ya san wannan ranar. Direbanka na aiki, lasifika na fitar da murya garau, makirfo na ɗauka, sai a ajiye maka sabon allo a kan tebur a ce an canja kodek ɗin, wato cif ɗin da ke mayar da lambobi sauti da sauti lambobi, da ƙanensa. Kamfani ɗaya ne ya ƙera su, suna kusan ɗaya, lamba ɗaya ko biyu ce ta bambanta a wutsiya. Ka buɗe takardar bayanin sabon cif ɗin, ka tarar yawancin rajistocin da ka haddace, wato guraben da direba ke rubuta saitin cif a ciki, suna nan a mazauninsu. To yanzu fa? Kod ɗin da ke hannunka ya riga ya yi mafi yawan aikin, saura ka yanke yadda cif biyun za su ci moriyarsa ba tare da ɗaya ya cuci ɗaya ba.

Hanyoyi huɗu ne aka bi a sashen sauti na Linux tun daga lokacin da tsarin sauti na ALSA ya maye gurbin tsohon tsarin OSS a jerin Linux 2.6, kuma dukkansu suna nan da rai a cikin kundin sound/, kowa na iya buɗewa ya gani da idonsa. Ba daraja ɗaya gare su a wurina ba, ba kuma zan ɓoye wadda na fi so ba. Abin da na yi imani da shi shi ne, taswirar rajista ce ke yanke hukunci, ba sunan cif ba. Kama da wane ba ta wane.

Kwafi da canja suna

Wannan ita ce hanyar da hannu ke fara kaiwa gare ta. Ka kwafi fayil, ka sauya sunan tsohon cif da na sabo a ko'ina, ka gyara wurare biyar ko shida, kafin la'asar sauti ya fito. Tana da amfani na gaskiya guda ɗaya da bai kamata a raina ba: duk abin da ka taɓa a sabon fayil ba zai lalata tsohon ba. Idan babu tsohon allon a hannunka da za ka gwada, wannan ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne.

Ni na bi ta, kuma na ga ƙarshenta. A 2021, lokacin da cif ya yi wuyar samu a duniya, wani ƙaramin kamfani da nake yi wa aiki ya rasa kodek ɗin da yake sa wa na'urarsa ta sanarwa, aka sayo ƙanensa. Na kwafi direba, aiki ya tafi. Bayan wata uku aka kawo ƙorafi cewa idan na'urar ta shiga barci lasifika kan yi wani ƙas mai tsinka zuciya. Na gano dalili: ana yanke wutar ɓangaren fitar da sauti kafin a rufe bakinsa. Layi huɗu na gyara, na gwada a allon da ke gabana, ƙarar ta ɓace, na tura. Allon da ke gabana mai tsohon cif ne. Na'urorin da ke ɗauke da sabon suka ci gaba da ƙas ɗinsu har wasu makonni, domin kuskuren yana zaune a fayil na biyu kamar yadda na kwafe shi, babu abin da zai tuna mini da shi. Wanda ya kira ni a waya malamin makaranta ne, ya ce yara na firgita duk sanda aka gama sanarwar safe. Abin ya dame ni ƙwarai.

Haka kwafi yake. Ranar farko kyauta ne, daga baya kowane gyara sai ka biya shi sau biyu, idan ka tuna. Shi ya sa masu kula da ASoC, wato ɓangaren ALSA na na'urorin hannu da ƙananan alluna wanda ya shiga Linux a 2007, sukan tambayi mai kawo sabon direba ko ya duba wanda ake da shi, idan suka ga kamannin ya yi yawa.

Fayil ɗaya, a gina shi sau biyu

Akwai wata tsohuwar dabara da ta cancanci a gan ta ko don a san ta. Buɗe sound/pci/ens1371.c, direban katin Ensoniq ES1371. Abin da ke ciki bai wuce a ayyana CHIP1371 ba, sannan a jawo ens1370.c gaba ɗayansa da #include. Ainihin kod ɗin yana cikin ens1370.c, an yayyanka shi da #ifdef, umarnin da ke zaɓar kod ɗin da za a gina: nan na ES1370 ne mai aiki da kodek AK4531, can na ES1371 ne mai aiki da AC'97 da na'urar sauya saurin samfurin sauti tasa ta kansa. Daga tushe ɗaya ake fitar da modul biyu, wato direbobi biyu da ake lodawa daban-daban. Direbobin Aureal na au88x0 da na katunan Echoaudio su ma haka aka yi su.

Ta magance matsalar gyara sau biyu, kuma kowane modul ba ya ɗaukar kayan da ba nasa ba. Amma karanta irin wannan fayil wahala ce. Kana tsakiyar aiki ɗaya sai ka tsaya ka tambayi kanka, yanzu a wane cif nake? Idan cif ɗin suka kai uku ko huɗu, rassan #ifdef sukan sarƙe har mai gyara ya ji tsoron taɓawa. Ƙa'idar rubutun kod ta Linux ma tana hana yawaita #ifdef a cikin fayilolin .c. Ban ga dalilin da zai sa a zaɓe ta a sabon aiki yau ba, don haka ba zan daɗe a kanta ba.

Direba ɗaya, tebur ya rarrabe

Nan ne ya kamata a fara dubawa kullum. Direba ɗaya ne yake karɓar cif da yawa, yana gane wanda ke gabansa ta ɗaya daga hanya biyu: ko dai daga sunan da aka rubuta a compatible na bishiyar na'urori ko lambar ACPI, wato bayanan da ke faɗa wa Linux kayan da ke kan allo, ko kuma ya karanta rajistar shaida ta cif ɗin da kansa. Direban rt5640 na Realtek yana karanta rajista ya bambance RT5640 da RT5639, sannan ya ƙara wa kowanne maɓallan da suka dace da shi. Direban tlv320aic3x na Texas Instruments yana riƙe da AIC33 da AIC3007 da AIC3104 da AIC3106 a ƙarƙashin rufi ɗaya. AIC3007 yana da amfilifayar lasifika ta ajin D a cikinsa, sai a ƙara masa ita shi kaɗai. AIC3104 kuwa ba shi da wasu hanyoyin shiga da fita da 'yan uwansa ke da su, don haka za ka ga wurare a fayil ɗin da ake cewa idan ba 3104 ba ne, a rubuta wannan rajistar.

Daɗinta a fili yake. Gyara ɗaya ya wadatar da kowa. Zaɓi ɗaya ne a Kconfig, inda ake zaɓar abin da za a gina, modul ɗaya, babu batun wane ya dogara da wane. Mai gwada cif ɗaya yana gwada mafi yawan kod ɗin sauran ba tare da ya sani ba. Wani lokaci ma ƙara sabon cif bai wuce layi biyu a teburin shaida ba.

Amma akwai yadda ake yin ta ta yi kyau, akwai yadda ake yin ta ta zama ƙaya. Idan bambancin cif ɗin ya warwatsu a matsayin "idan wane ne yi kaza" a wuri talatin, to ka dawo gidan #ifdef ne ta ƙofar baya, sai dai yanzu lokacin aiki ake rarrabewa. Abin da ya fi shi ne a tattara bambancin a tsari ɗaya na bayanai: yawan tashoshi, iyakar rajista, ƙimomin farko, jerin maɓallan ƙari, sannan kowane cif ya samu nasa cikon, a ɗauko shi da device_get_match_data tun wajen probe, lokacin da direba ke fara karɓar cif. Kod ɗin sai ya daina tambayar "kai wane ne", ya koma tambayar "kana da amfilifayar lasifika". Ranar da cif na biyar ya zo da irin wannan siffa, tebur kawai za a cika masa. Samuwar regmap, hanyar bai-ɗaya ta karanta rajista da rubuta ta, tun Linux 3.1 a 2011, wadda Mark Brown ya fitar daga kod ɗin rajista na ASoC, ta sauƙaƙa wannan sosai, domin wace rajista ake karantawa, wacce ke canjawa da kanta, mene ne ƙimarta ta farko, duk sun zama bayanai ba umarni ba.

Haɗarinta na gaske shi ne wanda na ci karo da shi da na dawo na haɗe direbobina biyu. Na buga takardun bayanin cif biyun, na shimfiɗa su gefe da gefe a kan tabarma, jan biro a hannu, ina bi rajista bayan rajista. A shafin wutar makirfo na tsaya. Adireshi ɗaya, suna ɗaya, amma ƙima ɗaya daga cikin zaɓuɓɓukan tana nufin ƙarfin wuta daban a sabon cif. Da na haɗe su a kan dogaro da suna, da makirfo ya yi ta aiki a gurguje ba tare da saƙon kuskure ko ɗaya ba. Irin wannan bambancin ba ya ihu. Rajistar da ta ɓace gaba ɗaya ta fi sauƙi, domin nan take za ka gani. Wadda ta zauna a wurinta ta canja ma'ana ita ce abin tsoro.

Sai kuma batun girma. Wanda yake son ya ga inda wannan hanya ke kaiwa idan aka bi ta shekara da shekaru, ya tuna da patch_realtek.c na HD Audio (HDA), tsarin sautin kwamfutoci, fayil ɗin da ya riƙe kusan dukkan kodek ɗin Realtek na kwamfutoci har ya haura layi dubu goma, cike da jerin gyare-gyare na kowace laftof: na HP, na Lenovo, na Dell, na ASUS. A 2025, a Linux 6.17, aka rarraba shi zuwa direbobi daban-daban bisa dangin cif, da kod na tarayya a gefe. Wato direba ɗaya da ya yi ƙiba, ƙarshensa ya koma hanya ta huɗu.

Gandu da gayauna

Hanya ta huɗu ita ce a ware abin da aka yi tarayya a kai a zuba shi a modul na musamman, kowane cif kuma ya riƙe direbansa. Kamar gidan gandu ne: akwai gonar da kowa ke nomawa a ci tare, akwai gayaunar da kowane ɗa ke yi wa kansa. Wannan rumbun tarayya yana zuwa da girma iri-iri, kuma girman ne ke nuna irin nauyin da ka ɗauka.

Mafi ƙanƙanta da na sani, kuma wanda ya fi burge ni, shi ne rl6231.c. Kodek ɗin Realtek irin su RT5640 da RT5645 da RT5651 da RT5677 kowanne da direbansa, domin hanyoyin sautinsu sun bambanta sosai. Amma lissafin PLL ɗinsu, ɓangaren da ke sauya saurin agogo, iri ɗaya ne: ka ba da saurin agogon da ke shigowa da wanda kake so ya fita, a nemo maka lambobin M da N da K. Haka ma lissafin rabon agogon makirfo na dijital. Sai aka cire waɗannan 'yan ayyuka aka ajiye su wuri ɗaya. Ba su taɓa rajista, ba su san tsarin kowane direba ba, lamba ce ke shiga lamba ta fita. Irin wannan rabon ba ya haifar da rigima, domin da wuya gyaran da aka yi don cif ɗaya ya karya wani.

Na tsakiya su ne irin arizona.c, wanda WM5102 da WM5110 da WM8997 da WM8998 da CS47L24 ke ci daga gare shi. Yawancin waɗannan cif na Wolfson ne, kamfanin da Cirrus Logic ya saya a 2014, kuma an gina su da tubala iri ɗaya: mahaɗan sauti, FLL mai samar da agogo, hanyoyin shigar da sauti na dijital. Abin da ya bambanta shi ne yawan tubalan da yadda aka jona su. Rumbun ya san yadda ake sarrafa tubali, direban kowane cif ya san nawa gare shi da inda suke. Abin lura a nan shi ne, da dangin da ya biyo baya ya zo, su CS47L35 da CS47L85 da CS47L90, ba a cusa su cikin arizona ba duk da kamannin da ke tsakani. An buɗe musu madera.c nasu. A fahimtata wannan daidai ne. Rumbun da aka tilasta wa ɗaukar zuriya biyu yakan cika da togaciya har ya rasa amfaninsa.

Sai wurin da rumbu ya zama dole, babu zaɓi. CS35L41 amfilifaya ce da ake samu a wayoyi, inda ASoC ke iko, ana kuma samunta a laftof tana zaune bayan kodek na Realtek, inda tsarin HD Audio ke iko. Cif ɗaya ne, amma gidaje biyu ne masu dokoki daban, ba yadda za a yi direba ɗaya ya zauna a duka biyun. Sai aka fitar da cs35l41-lib.c: teburan rajista, karanta ƙimomin da aka ƙone a cif tun daga masana'anta, gyare-gyaren kowane bugu na cif ɗin, saita ɓangaren ƙara ƙarfin wuta. Direban ASoC da na HDA kowanne ya ɗora nasa a kai. Wanda ya sayi laftof mai wannan amfilifaya ya sa mata Linux kafin 5.17 ta fito a 2022, ya ji abin sawa a kunne na aiki amma lasifika shiru, wannan gibin ne ya faɗa ciki. Dalili irin wannan ne ya sa aka zare cs_dsp daga cikin wm_adsp aka kai shi drivers/firmware/cirrus, don wanda ba ɗan ASoC ba ma ya iya loda manhajar DSP, ɓangaren da ke sarrafa sauti a cikin cif. Raba direba gida uku saboda layin sadarwa, kamar pcm512x.c da pcm512x-i2c.c da pcm512x-spi.c, shi ma ɗan wannan dangin ne, kuma ya zama ruwan dare.

Kuɗin da ake biya a wannan hanya ba a ganin sa sai an shiga. Na farko Kconfig. Idan aka gina direba a cikin kanel, wato zuciyar Linux, kai tsaye, rumbunsa kuwa aka bar shi a matsayin modul, haɗawa za ta faɗi da kukan cewa ba a ga aikin da aka kira ba. A kwamfutarka ba za ka taɓa gani ba, domin kullum saiti ɗaya kake ginawa, sai injinan gwaji masu gina saiti barkatai su turo maka saƙo bayan kwana biyu. Shi ya sa za ka ga SND_SOC_RL6231 ɓoyayyen zaɓi ne mai dogon jerin "default y if" da "default m if", wasu kuma suna amfani da select. Na biyu, duk aikin da ka fitar da EXPORT_SYMBOL_GPL ya zama alkawari. Canja shi yana nufin taɓa kowane direba da ke kiransa, har da waɗanda ba ka da allonsu. Tun Linux 5.4 ana iya killace sunayen da EXPORT_SYMBOL_NS_GPL, yadda sai wanda ya shigo da sunan killacen zai iya kira, kuma cs35l56-shared.c haka yake yi. Ina ba da shawarar a yi hakan tun ranar farko. Na uku, ranar da ka kwashe kod daga tsohon fayil zuwa rumbu, ka wahalar da masu mayar da gyara zuwa tsofaffin kanel masu dogon tallafi, domin facin gyaran da aka rubuta a kan sabon wuri ba zai hau tsohon ba sai da hannu.

To wacce za a ɗauka?

Ni ga yadda nake yi yanzu. Kafin in taɓa kod, sai na bi takardun cif biyun rajista bayan rajista, ina yi wa kowacce ɗaya daga alama uku: daidai take, babu ita a ɗaya, ko tana nan amma ta canja ma'ana. Idan sabon cif ɗin tsohon ne aka rage masa ko aka ƙara masa wani abu, alamar farko ta rinjaya, ta uku kuwa ba ta wuce a ƙirga da yatsu ba, direba ɗaya da tebur nake yi ba tare da dogon tunani ba. Idan tubalan iri ɗaya ne amma adireshi da jone-jonen sun sha bamban, ta yadda jerin hanyoyin sauti na DAPM, tsarin kunna musu wuta da kashewa a ASoC, zai zama daban kusan gaba ɗaya, to rumbu ne, kuma ina fara shi ƙarami irin na rl6231, lissafi zalla da teburan da ba su canjawa, kafin in yarda wani abu mai riƙe yanayin cif ya shiga. Idan cif ɗaya ne zai zauna a tsari biyu, rumbu ne ko ana so ko ba a so. Idan kuwa suna ne kawai ya haɗa su, alama ta uku ta cika shafi, sabon direba nake rubutawa, ba na jin kunyar aro tsarin tsohon, domin a nan maimaicin da ake gani na ido ne kawai.

Abu ɗaya da nake roƙon a guje masa shi ne gina rumbu saboda cif ɗin da bai zo ba. Da cif ɗaya a hannu ba za ka san inda iyaka take ba, zato kawai za ka yi, kuma yawanci zaton kan sa ka ware abin da ba zai taɓa bambanta ba, ka haɗe abin da zai bambanta. Babban misalin rabon kod da ya yi nasara a wannan sashe, hda_generic.c da Takashi Iwai ya sake ginawa a Linux 3.9 a 2013, ya zo ne bayan direbobin Realtek da Conexant da VIA da IDT da sauransu sun yi shekaru kowanne da nasa kod na gano hanyoyin sauti. An ga maimaicin da ido, an san siffarsa, sannan aka tattara.

Idan ka tsayar da shawara a kan rumbu, raba aikin faci-faci. Na farko ya kwashe kod zuwa sabon fayil ba tare da canja ko harafi ɗaya na aikinsa ba, yadda mai dubawa zai tabbatar ƙaura ce kawai. Na biyu ya mayar da abin da ke daskare ya zama abin da ake miƙawa daga tebur. Sai na uku ya kawo sabon cif. Kowanne ya ginu shi kaɗai, don git bisect ya iya nuna wanda ya ɓata abu idan an samu matsala daga baya. Ka gina sau ɗaya duka a cikin kanel, sau ɗaya duka modul, sau ɗaya a gauraye. Sannan ka ɗauko tsohon allon, ba sabon kaɗai ba, ka kunna sauti a saurin 44.1 kHz da 48 kHz, ka ɗauki murya, ka sa shi barci ka tashe shi kana saurare da kunnenka kusa da lasifika. Idan tsohon allon ba ya hannunka, ka faɗi haka ƙarara a bayanin facin, ka sa sunan wanda ya rubuta tsohon direban cikin waɗanda za ka aika wa, domin mai yiwuwa shi yana da shi a aljihun teburinsa.